Rajista Ɗaya don Makaranta Gaba Ɗaya: Yadda Muka Girka OpenLDAP a Kan Debian

A ɗakin kwamfuta na makarantar da zan ba da labarinta, kalmar sirri ɗaya ce take buɗe kwamfutoci 40, kuma da alli aka rubuta ta a gefen allo. Ɗalibi zai yi aikinsa da safe ya ajiye, kafin azahar wani ya goge, ba kuma wanda zai iya cewa wane ne. Manhajar Moodle da malamai suke ɗora darussa tana da nata jerin sunaye daban, ofishin rajista yana da nasa a Excel, kuma ba biyun da suka yi daidai da juna. Malamin da ya bar aiki tun bara har yanzu yana iya shiga ya ga sakamakon jarrabawa. Wannan na ƙarshen ne ya tayar da hankalin shugaban makarantar har ya sa aka neme ni.

Da muka zauna na ce masa, "Ranka ya daɗe, abin da kuke buƙata rajista ce guda ɗaya. Kowa ya samu sunansa da kalmar sirrinsa a wuri ɗaya, kwamfutoci da Moodle duk su riƙa tambayar wannan wurin. Ranar da aka cire mutum a can, ya fita daga ko'ina." Ya ce in dai ba sai an sayi sabuwar na'ura ba, in ci gaba.

Irin wannan rajista ita ce ake kira sabar kundin sunaye, kuma harshen da ake mata magana da shi shi ne LDAP. Ba sabon abu ba ne. Ya samo asali daga tsarin X.500 na 1988, wanda ya yi wa ƙananan kwamfutoci nauyi, sai Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa suka fitar da sassauƙar hanya a 1993. Siga ta uku, wadda ake amfani da ita har yau, ta fito a 1997. A 1998 Kurt Zeilenga ya ɗauki manhajar Michigan ɗin ya kafa OpenLDAP a kanta.

Na duba wasu kafin in tsaya a kan OpenLDAP. Akwai 389 Directory Server, wadda asalinta ta Netscape ce kafin Red Hat ta saye ta ta buɗe wa kowa a 2005. Akwai FreeIPA da aka gina a kan ita 389 ɗin, tana zuwa da Kerberos mai tantance masu shiga, da DNS mai mayar da sunan na'ura adireshi, da ofishin ba da satifiket, wato takardar shaidar na'ura, duk a haɗe. Tana da kyau ƙwarai, amma gidanta dangin Fedora ne, kuma tana son na'ura mai ƙarfi. Akwai Samba, wadda tun siga ta 4 a Disamba 2012 take iya tsayawa a matsayin Active Directory, wato kundin sunayen Microsoft, ga kwamfutocin Windows. Mu kuwa kwamfutocin ɗalibai duk Linux ne a kansu, kuma abin da aka ba ni a matsayin saba tsohuwar kwamfutar tebur ce mai ƙwaƙwalwar gigabayit 4. Ga wannan yanayin OpenLDAP ta fi dacewa. Na ɗora Debian 12, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wadda ta fito a Yuni 2023 kuma take zuwa da OpenLDAP 2.5.

Girkawar kanta ba ta kai minti goma ba. Umarni ɗaya ne, `apt install slapd ldap-utils` (slapd ita ce manhajar sabar OpenLDAP), sai a tambaye ka kalmar sirrin mai kula. Amma akwai tarko a nan da ya kamata a sani tun kafin a fara. Debian tana ɗaukar tushen kundin, wato sunan da komai ke zama a ƙarƙashinsa, daga sunan yankin da aka ba kwamfutar, in kuma ba a ba ta ba sai ta sa `dc=nodomain`. Canza tushe bayan an zuba mutane ɗaruruwa aiki ne mai ban haushi, don haka na fara gyara sunan kwamfutar, sannan na yi `dpkg-reconfigure slapd` na sa sunan yankin makarantar na gaskiya. A wannan rubutu zan kira shi `dc=makaranta,dc=sch,dc=ng`. Na guji ƙarshen `.local` da mutane da yawa suke so, domin an keɓe shi ga wata hanyar neman suna daban, kuma yakan jawo rikici a kan Linux.

Wanda ya saba da tsofaffin bayanai zai nemi fayil ɗin `slapd.conf` bai gani ba. Saitin yanzu yana zaune ne a cikin kundin kansa, ƙarƙashin `cn=config`. Fayilolinsa suna `/etc/ldap/slapd.d`, amma ba a taɓa su da hannu. Ana rubuta canjin a fayil na LDIF, wato tsarin rubuta bayanan LDAP, a tura da `ldapmodify -Y EXTERNAL -H ldapi:///` a matsayin root, babban asusun na'urar, canjin ya hau nan take ba tare da an kashe sabar ba.

Inda aikin ya ɗauki lokaci shi ne tsara yadda za a jera mutanen. Kwana biyu na yi a ofishin rajista kafin in rubuta layi ɗaya. Matashin da yake bautar ƙasa a makarantar, wanda aka haɗa ni da shi, ya kawo shawarar a yi wa kowane aji reshensa: JSS1 da nasa, SS3 da nasa. A ido ya yi kyau. Na tambaye shi, to idan Satumba ta zo kowa ya ci gaba zuwa aji na gaba fa? A LDAP cikakken sunan mutum ya ƙunshi reshen da yake ciki, don haka canza aji yana nufin canza wa kowane ɗalibi adireshi duk shekara, da duk wani rukuni da ya ambace shi. Sai muka yi rassa uku kacal: `ou=mutane` ga ɗalibai da malamai baki ɗaya, `ou=rukuni` ga azuzuwa da sassa, da `ou=manhajoji` ga asusun da na'urori za su yi amfani da su. Aji ya zama rukuni. Ƙarshen shekara jerin 'yan rukuni kawai ake sauyawa, mutum yana nan inda yake.

Sai maganar sunan shiga. Al'adar da aka gada daga ƙasashen Turai ita ce a haɗa harafin farko na suna da sunan dangi. Da Hajiyar da ke riƙe da rajista ta buɗe mini jerin, nan take na ga ba za ta yiwu ba. A aji ɗaya kaɗai masu suna iri ɗaya sak, suna da sunan mahaifi, sun kai uku. Wasu kuma sunan garinsu ne a ƙarshe, kuma a takardar firamare da ta shiga sakandare ba lallai tsarin ya zo ɗaya ba. Hajiya ta ce, "Malam, mu da lamba muke gane su." Gaskiyarta. Lambar shiga makaranta ba ta canzawa ko da malama ta yi aure ta sauya suna, ko ɗalibi ya gyara rubutun sunansa kafin jarrabawar WAEC. Matsalar lambar ita ce tana ɗauke da sandar rabewa, irin 23/041, kuma Linux ba ya yarda da wannan alama a sunan shiga domin da ita yake raba manyan fayiloli. Suna mai lambobi zalla ma yana rikita wasu umarnai, suna ɗauka lambar asusu ce. Muka cire sandar muka sa harafi a gaba: `d23041` ga ɗalibi, `m` a gaban ta malami.

Na rubuta ɗan shiri da yake karanta jerin Hajiya ya mayar da shi LDIF. Kowane mutum ya samu nau'i biyu na bayani: `inetOrgPerson` mai ɗauke da suna da waya, da `posixAccount` mai ɗauke da abin da Linux ke buƙata don shiga. Debian ta riga ta ɗora tsarin duka biyun. Na tura da `ldapadd`, mutane suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, sai kawai ya tsaya da wannan saƙo:

`gecos: value #0 invalid per syntax`

Na duba layin da ya tsaya a kai. Sunan yana farawa da Ɗ.

Wannan wurin ne nake so duk mai yin irin wannan aiki a ƙasar Hausa ya lura da shi. LDAP siga ta uku tana karɓar UTF-8, tsarin haruffa mai ɗaukar rubutun harsuna daban-daban, saboda haka guraben `cn` da `sn` da `givenName` da `displayName` suna ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ ba gardama. Amma tsarin `posixAccount` ya fito ne daga takardar ƙa'ida ta RFC 2307 ta 1998, kuma a can an ayyana `gecos` da `homeDirectory` da `loginShell` a matsayin IA5String, wato haruffan ASCII kaɗai, na Turanci marasa ƙugiya. Gurbin `gecos` kuwa shi ne wanda Linux ya saba ɗauko cikakken sunan mutum daga ciki ya nuna a allo. Ke nan Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙasimu ba su da wuri a gurbin da aka yi don cikakken suna.

Matashin ya ce abu mai sauƙi ne, a cire ƙugiyoyin a rubuta D da K, tunda haka ma suke a mafi yawan takardun hukuma. Ban yarda ba, kuma har yau ina kan bakana. Hajiya ta ɓata lokacinta ta rubuta sunayen yaran nan daidai, a makarantar da ake koya musu cewa ƙ daban k daban. Ba zan zo da na'ura in koya musu akasin haka duk safiya ba, alhali gyaran layi ɗaya ne. Gurbin `gecos` ba dole ba ne a `posixAccount`, don haka na daina cika shi gaba ɗaya. A kwamfutocin ɗalibai kuma na gaya wa SSSD, manhajar da ke haɗa su da kundin, ta ɗauko suna daga wani gurbi: `ldap_user_gecos = displayName`. Shi ke nan. Abin da kawai zai ba mutum mamaki shi ne idan ya yi `ldapsearch` zai ga `cn:: xophbmxhZGk=` a maimakon Ɗanladi. Ba lalacewa ba ce. Ɗigo biyu sau biyu ɗin alama ce cewa an nannaɗe sunan da base64, kamar yadda ƙa'idar LDIF ta tanada ga duk abin da ya fita daga ASCII. A cikin kundin sunan yana nan daidai.

Na ƙara abu ɗaya saboda masu bincike. Malamin da yake neman ɗalibi daga wayarsa ba lallai yana da madannan Hausa ba, kuma ga LDAP "Dahiru" da "Ɗahiru" sunaye biyu ne daban. Gurbin `cn` yana karɓar ƙima fiye da ɗaya, sai na sa duka rubutun biyu a ciki. Wanda ake nunawa a allo mai ƙugiya ne, wanda ake nema da shi kowanne ya yi.

Kalmomin sirri ban zuba su ta LDIF ba. Idan ka rubuta kalmar sirri a fili cikin `userPassword` ka tura da `ldapadd`, slapd za ta ajiye ta a yadda ka ba ta. Umarnin `ldappasswd` ne yake sa sabar ta niƙa ta, wato ta mayar da ita yadda ba za a iya karanta ta ba, kafin ajiya, kuma da shi na bi.

Daga nan sai ɓoye zance tsakanin kwamfutoci da saba. Wannan ba zaɓi ba ne, domin SSSD ba ta tura kalmar sirri ta hanyar da ba a ɓoye ba. Na ƙirƙiri ƙaramin ofishin satifiket na makarantar, na sa hannu a kan satifiket ɗin sabar da cikakken sunanta, na raba satifiket ɗin ofishin ga kwamfutoci. Da na zo gaya wa slapd inda fayilolin suke, ta mayar mini da kuskure mai lamba 80 ba tare da wani bayani mai amfani ba. Dalilin shi ne slapd tana gudana ne da asusun `openldap`, makullin kuwa root kaɗai ke iya karanta shi. Da na ba rukunin `openldap` izinin karantawa, canjin ya hau. Muka zauna a ƙofa ta 389 da StartTLS, mai kunna TLS, hanyar ɓoye zancen, na kuma sa `olcSecurity: simple_bind=128` don sabar ta ƙi duk wanda ya zo da kalmar sirri a buɗe.

Izinin karatu ne ya fi damuna a duk aikin. Saitin da Debian ke zuwa da shi yana kare kalmar sirri da kyau, amma layinsa na ƙarshe ya ba kowa damar karanta duk sauran, har wanda bai gabatar da kansa ba. Na gwada daga wata kwamfutar ɗalibai ba tare da suna ba, sai ga lambobin wayar iyaye suna zubowa a allo. Bayanan yara ne, mafi yawansu ba su kai shekara 18 ba, kuma tun Yuni 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane da ta ɗora nauyin irin wannan a kan mai riƙe da su. Ko babu doka ma, amana ce iyaye suka bayar. Na sake rubuta `olcAccess` yadda baƙo ba ya iya komai sai gabatar da kalmar sirri. Waya da adireshin gida sai mai su da rukunin rajista. Sauran bayanai sai wanda ya shiga. Tsarin layukan yana da muhimmanci, domin slapd tana tsayawa ne a layin farko da ya dace, don haka mai tsauri ke zuwa a sama. Kwamfutocin ɗalibai da Moodle kowanne ya samu asusunsa a `ou=manhajoji`, mai karatu kaɗai. Asusun mai kula ban sa shi a kowace na'ura ba.

Saitin kwamfutocin ɗalibai gajere ne: `sssd.conf` mai izini 600, in ba haka ba SSSD ba za ta tashi ba; `cache_credentials = true` don wanda ya taɓa shiga ya iya sake shiga ko saba tana kashe; sai `pam-auth-update --enable mkhomedir` don a buɗe wa kowa wurin ajiyarsa a shigar farko. Muka goge kalmar sirrin da ke gefen allo.

Matsaloli biyu suka biyo baya, kuma dukansu sun koya mini abu.

Ta farko a makon farko ta fito. Malamai suka ce wasu ɗalibai ba sa bayyana a Moodle idan za a sa su a darasi. Na yi bincike da asusun mai kula, na ga kowa yana nan. Sai da na ƙirga waɗanda Moodle ta ɗauko na ga 500 ne cif. Lamba mai kyau haka ba ta zuwa da kanta. OpenLDAP tana da iyakar sakamako 500 ga kowane bincike, kuma ko manhaja ta nemi a ba ta shafi-shafi, jimillar ba ta wuce wannan iyaka sai an ɗaga. Mai kula shi kaɗai iyakar ba ta shafa, shi ya sa gwajina ya ruɗe ni. Ban cire iyakar ga kowa ba, don tana hana ɗalibi ɗaya kwashe rajistar makaranta da umarni ɗaya. Na sa `olcLimits` da `size=unlimited` ga asusun Moodle kaɗai. Tun daga ranar duk gwajin da zan yi da asusun da zai yi aikin nake yin sa.

Ta biyu ta fi wuya. Bayan hutun zango aka dawo, matashin ya kira ni: "Yallaɓai, kwamfuta bakwai sun ƙi karɓar sababbin ɗalibai, amma tsofaffi suna shiga lafiya." Sabar tana aiki, wayoyin sadarwa lafiya, sauran 33 ba matsala. Na zauna a gaban ɗaya daga cikin bakwai ɗin na karanta bayanan SSSD, na ga tana cewa ba ta kan layi, ta kasa ƙulla TLS. Na rubuta `date`, sai ga kwamfutar tana zaune a shekarun baya. Ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogon allon kwamfuta ya mutu, kuma makonnin da aka yi ba wuta sun sa agogon ya koma ranar da masana'anta ta sa. A wajen wannan kwamfutar satifiket ɗinmu bai fara aiki ba tukuna, don haka ta ƙi yarda da sabar. Tsofaffin ɗalibai suna shiga ne da abin da SSSD ta adana a baya, shi ya sa matsalar ta ɓuya a bayansu. Da can intanet ce ke gyara agogon ba tare da kowa ya lura ba, amma a wannan makon ba a sabunta kuɗin data ba.

Muka sayo batura muka canza, amma ban tsaya nan ba, don sauran 33 ɗin ma shekarunsu ɗaya da waɗannan. Na ɗora chrony, manhajar daidaita agogo, a kan sabar, na sa `local stratum 10` don ta ci gaba da ba da lokaci ko babu intanet, na buɗe wa kwamfutocin ɗakin da `allow`. Su kuma na nuna musu sabar a matsayin agogonsu, da `makestep` don su daka tsalle zuwa lokacin daidai da zarar sun tashi.

A ɓangaren ɗauke wuta kuwa sabar ba ta ba ni kunya ba. Ma'ajiyarta LMDB ce, wadda Howard Chu ya rubuta, kuma ba ta rubutu a kan shafin da ake amfani da shi. Sabo take rubutawa, sai ya kammala sannan ta koma kansa. Kafin a haɗa sabar da inbata wuta ta yanke mata sau da yawa, kullum kuma tana tashi da bayananta cikakku. Wannan ba ya maganin faifan da ya mutu, don haka kowane dare `slapcat -n 0` yana fitar da saiti, `slapcat -n 1` yana fitar da mutane, a kwafe su zuwa wata na'ura a wani ɗaki. Fayil na biyun yana ɗauke da niƙaƙƙun kalmomin sirri, saboda haka a ɓoye muke ajiye shi. Na sa matashin ya dawo da kundin gaba ɗaya a kan wata kwamfuta da `slapadd`, ina zaune ban taɓa madannai ba. A karon farko slapd ta ƙi tashi don ya manta mayar wa `openldap` mallakar `/var/lib/ldap`. Ya gano da kansa, ya rubuta a littafin da zai bar wa wanda zai gaje shi. Wannan kwamfutar da ya yi gwajin a kanta ita muka mayar saba ta biyu, tana kwafar ta farko ta hanyar syncrepl, muka sa adireshinta a `ldap_backup_uri`.

Kwamfutocin Windows guda shida na ofisoshi har yanzu suna wajen wannan tsari, domin Windows ba ta shiga OpenLDAP kai tsaye yadda take shiga Active Directory. Idan makarantar ta dage a haɗa su, sai an koma Samba, kuma Samba tana zuwa da nata kundin ne, wanda ke nufin kwashe mutane daga wannan zuwa wancan. Na gaya wa shugaban makarantar haka a fili, ya ce a bari sai dogon hutu. Ranar da satifiket ɗin sabar zai ƙare kuma na ba Hajiya ta rubuta a kalandar ofishinta, wata guda kafin lokacin, kusa da ranar biyan kuɗin jarrabawa.